Kebul, mesh ko ekstenda: wanne ya dace da mai buga gem a gidan Zango?

Bayan Sallar Layya ɗan yayata ya tattara kuɗin barka da sallarsa, ya hau tirotiro, ƙaramar motar haya, daga unguwar Nima zuwa Circle a nan Accra, babban birnin Gana, ya dawo da wata 'yar na'ura fara mai ƙahoni biyu, irin wadda ake makalawa a soket. Ekstenda ce, mai ƙara wa waifai (Wi-Fi) nisan zango. Kwana biyu sai ga kiransa: "Kawu, sigina ya cika fal, sanda huɗu, amma in na ba da fas sai ɗan wasana ya tsaya kamar an ɗaure shi, kafin ya motsa an ƙwace ƙwallo." Na je bayan la'asar. Gidan irin namu ne na Zango, ɗakuna kewaye da tsakar gida, ana ta ƙari ɗaki bayan ɗaki tun zamanin kakanni. Rauta, akwatin da ke watsa waifai a gidan, tana falon yayata can bakin ƙofa, a ƙasa, bayan talabijin, har an lulluɓe ta da wani tsohon mayafi saboda ƙura. Ɗakin yaron kuwa yana ƙuryar gidan, tsakaninsu bangon bulo uku da tankin ruwa. Ekstendar ya makala ta a cikin ɗakinsa, dab da PlayStation ɗin.

Gaskiyarsa, sigina ya cika. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Sandunan da yake gani suna faɗa masa ne yadda yake jin ekstendar da ke kusa da ƙafarsa, ba su ce komai ba game da yadda ita ekstendar ke jin rauta ta bayan bango uku. A wannan ramin kuɗin mutane da yawa ke faɗawa.

Abu uku ne muke cakuɗawa mu kira su "netwok". Akwai ƙarfin sigina, wato sandunan nan. Akwai gudu, megabit nawa ke wucewa a daƙiƙa, wanda da shi kamfanoni ke talla. Sai jinkiri, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda 'yan gem ke kira fing, ana kuma auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai kallon YouTube gudu yake buƙata. In an sami ɗan tsaiko ba zai ma ankara ba, don wayarsa ta riga ta tara bidiyon da ke gaba. Mai buga EA Sports FC ko eFootball ko Call of Duty Mobile ba shi da abin tarawa, tunda abin da abokin karawarsa zai yi nan da daƙiƙa guda bai faru ba tukuna. Wasan kansa ba ya cin data sosai, galibi bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba. Saukar da sabuntawa ce ke lashe gigabait goma-goma. Abin da gem ke so shi ne ƙananan saƙonni su riƙa isa a kan kari, ba fashi. Gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto kusan kowane milisakan 17, don haka tsaikon milisakan 200 hoto goma sha biyu ke nan ya wuce ka. Fing ɗin da ya tsaya cak a 110 ya fi wanda ke rawa tsakanin 70 da 300. Hannu yana sabawa da na farko, na biyun kuwa ba mai sabawa da shi.

Akwai kuma rabon jinkirin da ba na gidanka ba ne, kada wani mai shago ya ce zai sayar maka da maganinsa. Sabobin manyan gem-gem ɗin nan, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, galibi suna Turai, wasu a Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya. Haske a cikin faiba, zaren gilashin da ke ɗauko intanet, yana cin kilomita 200 a milisakan guda. Daga Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, zuwa Landan wajen kilomita 5,100 ne a miƙe, ka ga zuwa da dawowa ya haura milisakan 50 ko da zare aka ja sambal, alhali kebul ɗin ƙarƙashin teku gaɓa yake bi yana lauje-lauje har ya kai Turai. Shi ya sa ganin fing 100 ko fiye ba abin mamaki ba ne a nan. Wanda ya manta cewa intanet ɗinmu ta teku yake zuwa, ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ta tuna masa, cikin makon farko na azumi, lokacin da kebul huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, ƙasar nan ta yi makonni ana lallaɓawa. Ba rautar da za ta gyara maka wannan. Abin da ke hannunka shi ne 'yan mitocin da ke tsakanin rauta da inda kake zaune, kuma a gidajenmu sau da yawa su ne ke jawo rawar fing.

To ta yaya za ka san ɓarawon a gida yake ko a waje? Gwajin kyauta ne. Ka juya rautar ka duba adireshinta a takardar da ke manne a ƙasa, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, wasu masu sim kuma 192.168.8.1. Ka zauna daidai inda kake buga gem da kwamfuta, ka buɗe baƙin allon nan na umarni (Command Prompt a Windows), ka rubuta ping, ka bar fili, ka sa adireshin, ka ƙara -t a ƙarshe in Windows ce. A waya akwai manhajoji na kyauta masu yin haka. Ka bar shi minti biyar, kuma da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida. Wannan saƙon bai fita gidanka ba. A kan waifai mai lafiya bai kamata ya wuce milisakan 5 ba, a kan kebul 1 ne ko ƙasa da haka. In ka ga yana tsalle zuwa 80, zuwa 300, ko yana ɓacewa gaba ɗaya, matsalar cikin gida take, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe ka. In kuwa ya tsaya lafiya amma gem na daskarewa, to ka bar kuɗinka a aljihu, maganarka da layin da ke shigowa ce. A ɗakin ɗan yayata, ta ekstendar nan, mun ga 9, mun ga 14, sai ga 420, sai layi biyu babu amsa.

Kafin a zaro ko sidi ɗaya, a fara ɗaga rautar daga ƙasa. A cire mata mayafi, a ɗora ta sama da kai, a fili, a matso da ita tsakiyar gida gwargwadon yadda wayarta za ta kai. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye shi, don haka firji da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da tankin ruwa duk abokan gaba ne. Bangon bulo mai filasta ya fi na katako cin sigina nesa ba kusa ba, dakalin bene mai rodi kuwa ba a magana.

Sai batun zango biyu da yawancin rautocin yanzu ke da su, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi ratsa bango, amma kasuwar Nima ce ranar Laraba. Tashoshi uku kaɗai ne a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a cikinsu kowa ke cunkushe: rautar maƙwabta, 'yar mifai, wato rautar aljihu, ta mai shagon kusa, hotsufot na samarin da ke shan ataya a dandalinsu, har da bulutut na abin kunnenka. A ɗakin yaron na ƙirga sunayen waifai sama da ashirin. Shi kuwa waifai kamar majalisar dattawa yake, a tasha ɗaya mutum ɗaya ke magana, sauran su saurara sai ya kai aya. Duk lokacin da saƙonka ya tsaya jiran wani ya gama, fing ya yi tsalle ke nan. Zangon 5 GHz yana da fili, ga tashoshi da yawa, kuma rashin ratsa bangonsa alheri ne ta wani gefen, tunda na maƙwabta ma ba ya iso ka. In bango ɗaya ne tsakaninka da rauta, raba sunayen zangon biyu ka ɗora na'urar gem a kan 5, wataƙila ka gama ke nan. Amma ka duba abin da ke hannunka: PlayStation 4 na farko, na 2013, 2.4 kaɗai yake ji. Slim da Pro na 2016 ne suka zo da 5 GHz, PlayStation 5 kuma da Wi-Fi 6. Na ɗan yayata na farkon ne. Ko rautar miliyan aka saya masa, a cikin kasuwar zai ci gaba da zama.

Amma duk PlayStation ɗin nan suna da ƙofar kebul a baya, kuma nan ne zan daɗe, don a ganina duk wanda zai iya jan kebul ya ja, ya huta. Zuwa da kai ya fi saƙo. A cikin kebul ba ka jiran kowa, maƙwabci ba ya shiga, bango ba ya ci, saƙo na tafiya da dawowa a lokaci guda, wanda waifai ba ya iyawa. Kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit guda har tsawon mita 100, kuma da wuya ka sami gida a Nima ko Mamobi da ya kai haka daga bakin ƙofa zuwa ƙurya. Cat6 ya ɗan fi shi kauri da inganci, in bambancin kuɗin kaɗan ne ka ɗauke shi. Wanda ya ce sai ka sayi Cat7 ko Cat8 don gem, aljihunka yake kallo. Kuma a duk zaɓin da ke gabanka, wannan ne mafi araha.

Inda ake cutuwa shi ne ingancin wayar ciki. Akwai kebul da ake yi da alminiyam a shafa masa jan ƙarfe a sama, a kwali za ka ga an rubuta CCA, wani sa'in ma ba a rubutawa. Yana saurin karyewa, kuma a dogon zango yana ba da wahala. Ka ce wa mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka feɗe waya ɗaya ka kankare ta da reza. In cikinta fari ne, alminiyam ce. In ja ne har ciki, ka biya. Ka sa a matse maka kawunan a gabanka a kuma gwada da tasta, fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta ƙi, kebul ɗin na iya aiki amma ya faɗo zuwa megabit 100, kai ba ka sani ba sai ranar saukar da sabuntawa. In zai ratsa tsakar gida, ka nemi baƙin nan na waje ko ka zura shi a bututun roba, don rana tana busar da fatar na cikin ɗaki ta tsattsage, ɓeraye kuma ba su da kunya. Kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar wuta, kada kuma a shanya shi a sama daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya, saboda tsawar damina.

Aibin kebul guda biyu ne, kuma na gaske ne. Na farko, mai gida. Ba kowane Alhaji ne zai yarda a huda masa bango ba, kuma yana da gaskiya. Maganin wannan sau da yawa taga ce: tagoginmu masu gilashi jere-jere akwai inda siririn kebul mai faɗi zai wuce ta gefen firam, a bi da shi ƙarƙashin rufin baranda da kilif. Na biyu, waya ba ta da ƙofar kebul, kuma yawancin yaranmu a waya suke buga Free Fire da PUBG Mobile. Akwai adafta da ake sa wa a ƙofar caji mai USB-C, tana aiki a wayoyi da yawa, amma wa zai zauna yana harbi da igiya tana lilo a hannunsa?

Nan ne zaɓi na biyu ke shigowa, wanda na fi yi wa mutane: a ja kebul ɗin dai, amma a ƙarshensa a ɗora wata rauta ta zama tashar waifai ta ɗakin. Ko tsohuwar rauta ce da ke kwance a durowa za ta yi, muddin tana da 5 GHz. Doguwar tafiyar an yi ta cikin kebul, abin da ya rage wa iska mita biyu ne ko uku, ba bango. Na'urar gem ta sha kebul daga bayanta, wayoyi su hau waifai. Sai dai a saita ta daidai. A shiga saitinta a zaɓi yanayin AP, wanda ke mayar da ita tashar waifai kawai. In ba ta da shi, a kashe DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi, a ba ta adireshin da ba ya karo da na uwar, wato rautar farko, a sa kebul ɗin a ƙofar LAN ba WAN ba. In aka jona ta haka nan kawai, sai gidan ya zama ƙofa biyu kowace da mai gadinta, abin da ake kira NAT biyu, PlayStation ya nuna maka nau'i na 3, ka yi ta neman abokin wasa ba ka samu, ko ku haɗu murya ta ƙi tafiya. A kuma raba musu tasha, in uwar tana 1 ita ta koma 11.

Mesh shi ne abin yayi, kuma ba laifi ya cancanci sunansa. Na'urori ne biyu ko uku da aka ƙera su yi aiki tare, suna ɗaya a duk gidan, waya na sauka daga wannan ta hau wancan kana tafiya, ana kuma saita su da manhaja cikin 'yan mintoci. Irin su Deco na TP-Link da Nova na Tenda ana samunsu a gari. Ga mai gidan kansa a Madina ko Adenta da ke gefen Accra, bene mai hawa biyu, iyali da yawa, kowa da wayarsa, ban san abin da ya fi shi sauƙin zama ba. Amma tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce: su a tsakaninsu da me suke magana? In ta iska ne, kuma mai zango biyu ne, to rediyon da ke sauraronka shi ne dai ke kai saƙonka gaba, kuma bangon da ya hana wayarka ji shi zai hana su jin juna. Mai zango uku yana ware guda don hirar tsakaninsu, ya fi kyau sosai, ya kuma fi tsada sosai, ga shi kayan dala ne, farashinsu yana bin sidi duk inda ta nufa. Mesh mafi kyau shi ne wanda aka haɗa 'ya'yansa da kebul, ka ga mun dawo gidan jiya. In dole ta iska za a yi, a ajiye na biyun a tsakiyar hanya inda yake jin uwar da kyau, a baranda ko bakin matakala, kada ya wuce tsalle ɗaya kafin ya kai ga mai gem, sannan a jona na'urar gem da ɗan guntun kebul a bayansa. Ko PlayStation 4 na farko ta haka yake tsira daga cunkoson 2.4. Ga mai ciki da falo kuwa, sayen mesh kamar sayen babbar mota ne don zuwa masallacin ƙofar gida.

Akwai kuma 'yan biyun nan da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida, fawalayin. Ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗakinka, ba huda bango, ba jan komai. A takarda abin sha'awa ne, kuma a gidan da mai wuta ɗaya ya yi wa wayarin tsaf, mitar wuta ɗaya, yakan fi waifai mai ratsa bango uku natsuwa. A gidan haya na Zango kuwa caca ce. Kowane ɗaki da mitar katinsa, wani sa'in ma ba layi ɗaya suke kai ba, wayarin kuma hannu biyar ne suka yi shi cikin shekara arba'in. Firji ya tashi, fing ya tashi. A jona wata cajar waya mai araha, gudu ya faɗi. Dole a makala shi a soket ɗin bango kai tsaye, ba a kan ekstenshan ko bayan sitabilaiza ba, alhali mu nan komai mai daraja a bayan sitabilaiza yake. Lambobin da ke kan kwali, 600 ko 1000 ko 2000, ba za ka taɓa ganinsu a zahiri ba. In za ka gwada, ku yi da mai shago cewa in bai yi ba za ka dawo da shi.

Ekstenda ita ce ta ƙarshe a wurina, in dai gem ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aikinta irin na sanƙira ne a wurin ɗaurin aure: sai ya saurari magana ta ƙare, sannan ya maimaita da ƙarfi, kuma yana maimaitawar kowa shiru. Kowane saƙo sau biyu yake hawa iska a tasha ɗaya, gudu ya ragu kusan rabi, jira ya ƙaru. In kuma aka ajiye ta inda ita kanta ba ta ji sosai, kamar yadda yaron nan ya yi, to sanƙiran kurma aka samu, murya rangaɗau amma rabin maganar ya ɓace. Ba wai ba ta da amfani ba ne. Don WhatsApp da sauraron tafsiri a ɗakin da sigina ba ya kaiwa, ta wadatar, in an sa ta a tsakiyar hanya. Wasunsu ma suna da ƙofar kebul da yanayin AP, ka ga in an ja musu kebul sun tashi daga sanƙira sun zama tasha.

Rautocin nan baƙaƙe masu ƙahoni shida da jar fitila, da ake ce wa na gem, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Bango bai san ƙaho ba. Abu ɗaya ne a cikinsu ya cancanci kuɗi, kuma ana samunsa a waɗanda ba su kai su tsada ba: iya tsara layi. Ga abin da ke faruwa. Kana tsakiyar wasa, yayarka ta fara tura bidiyon biki na minti goma a zauren dangi, ko wata waya ta fara kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google. Hanyar fita ta intanet ɗin gida ƙarama ce a kan ta shigowa, sai ta cika, ɗan saƙonka na gem ya bi layi a bayan bidiyon biki. Fing ya haura ɗari biyar, kuma ko a kan kebul kake sai ka ji shi. Rauta mai QoS, ko mafi kyau SQM, tana hana layin ya taru. Ana auna gudun layin, a saita ta a kan kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nasa, a sadaukar da ɗan gudu a sami natsuwa. A kan faiba yana aiki sosai. A kan sim ya fi wuya, don gudun da ka auna da hantsi ba shi ne na bayan isha'i ba.

Tunda an zo nan, layin da ke shigowa ma yana sauya lissafi. Inda faiba ta iso, ta MTN ce ko ta Telecel, wadda da Vodafone ce kafin 2024, ita ta fi dacewa da gem, don ba ta raba iska da unguwa. A roƙi masu sawa tun ranar farko su kai akwatin tsakiyar gida, kada su ajiye shi inda ya fi musu sauƙi. Rauta mai sim kuwa tana da buƙata biyu masu karo da juna: tana son taga don ta ji turken sadarwa, waifai kuma yana son tsakiyar gida. Kada ka raba gardama, ka bar ta a tagar da ta fi kamawa, ka ja kebul zuwa tasha ta biyu. Ka kuma sani cewa a layukan sim galibi adireshi ɗaya mutane da yawa ke rabawa, don haka NAT ɗinka na iya zama a ƙulle ko me ka taɓa a rauta. Starlink ya fara aiki a Gana a watan Agustan 2024, taurarinsa na yawo ɗaruruwan kilomita a sama, yana son sararin sama ba shamaki, amma da ya shigo ɗaki rautarsa ma bulo ɗin nan dai za ta tarar.

Sai wuta. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a 2015, ba ya sayen kayan lantarki bai tambayi yadda za su yi in an ɗauke wuta ba. Ko ƙiftawar daƙiƙa ɗaya aka yi, rauta sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo, wasan ya tafi, wasu gem ɗin ma su rubuta maka cewa guduwa ka yi. Ƙaramin batirin rauta, mai fitar da bolt 12 ko 9, yana riƙe ta sa'o'i. Ka duba abin da aka rubuta a cajarta kafin ka saya, kuma in faiba ce akwatin faibar ma yana son nasa. A nan ma kebul ya yi gaba, don shi ba ya cin wuta. Mesh mai 'ya'ya uku baki uku ne da za ka ciyar, fawalayin kuwa da an ɗauke wuta ya mutu murus, ko da rautar na kan batiri.

A gidan yayata abin da muka yi bai taka kara ya karya ba. Na sami mai gidan a kan tabarmarsa a zaure, na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba Alhaji, wata 'yar waya muke so mu bi da ita ta baranda zuwa ɗakin yaron nan." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, bangona fa?" Na ce ko ƙusa ba za ta shiga bulo ba, katakon rufi za mu bi. Ya ce to bismillah, amma kada ta rataya inda mata ke shanya. Mita 30 muka saya, baƙi na waje, na kankare shi da reza a shagon, ja ne har ciki. Ya fita ta gefen tagar falo, ya bi ƙarƙashin kwano, ya zagaye tankin, ya shiga ta tagar yaron. Rautar ta tashi daga bayan talabijin ta koma kan kabad, mayafin ya koma wurin mai shi. Muka sake gwajin bayan isha'i, lokacin da gidan ya cika: 1, 1, 1, har muka gaji da kallo. Fing ɗinsa zuwa sabar Turai bai sauko ƙasa da ɗari ba, amma ya daina rawa. Ekstendar kuma muka makala ta a baranda, tsakiyar hanya, yanzu Hajiya na amsa kiran bidiyo daga jikokinta ba sai ta fito tsakar gida ba.

Daren ranar aka ci yaron biyu da nema. Da safe ya turo min saƙo: "Kawu, ina ga kontirolar nan ce ta tsufa."